Makon da Darmaji Ya Yi Fashin Aiki

Retno ta daɗe a ofishin kula da ma'aikata na wata masana'antar ɗinka riguna da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Semarang. Ta sallami mutane da yawa a zamanta, wasu da kuka, wasu da zagi, amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wata rana sunan yayanta ne zai faɗo hannunta ba.

Tun da aka kawo sabuwar manhaja bara aikinta ya yi sauƙi, ita da kanta take faɗa. Ma'aikaci ya zo da safe ya nuna wa na'urar bakin ƙofa fuskarsa, ƙofa ta buɗe, sunansa ya fito kore a kwamfutar Retno. Idan bai zo ba, kuma bai sami izini ta waya ba, sunan ya koma ruwan ɗorawa, manhaja ta aika masa sammaci. Idan ya jera kwana biyar na aiki, an aika sammaci biyu bai bayyana ba, sunan ya yi ja. A dokar gidan wannan mutum shi ya ajiye aiki da kansa, ba korarsa aka yi ba, don haka babu haƙƙin sallama. Abin da ya rage wa Retno kawai ta danna ta tabbatar. A da shugabar layi kan rufa wa mutum asiri, ta ce ai yana banɗaki, ko an aike shi sito. Yanzu babu wannan. Matan layin ɗinki sun raɗa wa manhajar suna Atidu, wai laifi kaɗai take rubutawa, Raƙibu kuwa tsada ya yi wa kamfani.

Ran Alhamis da safe, tana kurɓar shayi, ta ga sunan Darmaji ya yi ruwan ɗorawa. Tun jiya bai zo ba.

Darmaji shi ne babba a ɗakinsu, kuma su biyu suka rage. Makanikin kekunan ɗinki ne, ya riga ta shiga masana'antar da shekaru, shi ne ma ya yi mata hanya. Mutum ne da ko zazzaɓi ba ya hana shi fita. Kullum da asuba yake tasowa a babur daga ƙauyensu na bakin teku a gefen Demak, inda ruwa ya riga ya cinye gonaki ya fara cin gidaje. Retno ta yi magana har ta gaji a kan ya kama ɗaki a gari, musamman bayan rasuwar matarsa Sumi bara. Sai ya yi dariya ya ce shi da teku sun saba, kowa ya san halin ɗan'uwansa.

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta sake kira da hantsi, haka.

Da lokacin cin abinci ta sauka ta nemi Yatmi, shugabar layi na uku, mace mai ƙiba da faɗa wadda ba ta iya magana a hankali ba. Ta same ta zaune a kan benci tana buɗe ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba.

"Yauwa, gara da kika zo," in ji Yatmi. "Kekuna uku sun tsaya mini, wancan ɗan koyon da aka ba ni ko allura bai iya saitawa ba. Yaushe yayanki zai gama kwashe mutanen nasa?"

"Waɗanne mutane, Mbak?" in ji Retno. Mbak suke ce wa macen da ta girme su, kamar a ce yaya.

Yatmi ta tsaya da loma a hannu ta dube ta. "Bai gaya miki ba?"

"Me zai gaya mini?"

"Ikon Allah. To ai teku ce ta fasa katangar maƙabartarku. Mutanen ƙauye sun sami fili can ciki kusa da babban titi, kowa yana tone nasa yana mayarwa. Ya ce akwai matarsa, akwai mahaifanku. A gabana ya nemi izini a waya. Ya danna hutun rasuwa, Atidu ta ce kawo takardar shaida. Ya ɗauki hoton ta Sumi ya tura, ta ce kwanan watan ya wuce. Hutun shekara kuma kin san an rufe sai odar nan ta fita. Ya mayar da waya aljihu ya ce mini, Yatmi, ki yi haƙuri da ni kwana biyu." Ta kai lomar baki. "Ni na ɗauka da ke aka shirya."

Kunya ce ta fi damun Retno, a ce a bakin Yatmi za ta ji ana tone uwarta.

Ta hau sama ta ƙwanƙwasa ƙofar Bu Lilik, shugabar ofishinsu; Bu ɗin laƙabin girmama mata ne, kamar a ce uwargida. Bu Lilik ba muguwa ba ce. Mace ce da ta gaji, kullum da man shafawa mai yaji a goshinta saboda ciwon kai. Ta saurari Retno har ta gama ba ta katse ta ba.

"Hutu babu albashi nake roƙo, Bu," Retno ta ce. "Mako guda kawai."

"Kin fi ni sanin babu wannan gurbin a cikin manhajar. Manyanmu na hedkwata a Jakarta suka cire shi."

"A rubuta musu."

"In rubuta in ce me? Kin ga saƙon da suka aiko wancan watan. So suke mu rage mutane, kuma duk wanda ya fita ta hanyar fashi ya hutar da su. Murna za su yi." Ta murza goshi. "Sannan rabin layi na uku mutanen bakin teku ne, Retno. Kowa yana da kabari a cikin ruwa. Na buɗe wa yayanki ƙofa yau, gobe wa zan hana?"

"Ya fi kowa daɗewa a gidan nan, Bu."

"Shi ya sa nake gaya miki ki je ki kamo shi. Ya zo ya nuna fuska ko sau ɗaya kafin kwanakin su cika, lissafi ya koma farko, in ba shi takardar gargaɗi a wuce wurin. Idan kuma abin ya yi miki nauyi in miƙa wa wani."

"A'a, Bu. A bar mini."

Ran Lahadi ta bar 'yarta wurin mijinta, ta hau babur ta kama hanyar Demak. Rabonta da ƙauyen tun jana'izar Sumi. Inda kwalta ta ƙare ta ajiye babur a gidan wata mai shago, inda Darmaji ma yake ajiye nasa, ta shiga kwale-kwale, don hanyar da suke bi zuwa makaranta suna yara yanzu kifi ne ke bin ta. Suka wuce gidaje da ruwa ya kai musu taga, da turakun lantarki a tsaye cikin teku, da wani masallaci da aka ɗaga daɓensa sau da yawa har ƙofarsa ta koma sai an sunkuya.

Ruwa ya janye da safen nan, maƙabartar ta fito fili, baƙar laka mai wari da ƙaguwa ke yawo a kai. Maza kamar goma suna ciki har gwiwa da fartanya da bokitai. Gefen da ke fuskantar teku babu shi, ya zabge gaba ɗaya kamar an yanka da wuƙa. Ta hango Darmaji can bakin zabgewar, babu riga, yana soka doguwar gora cikin laka yana zarewa. Ya rame, gemunsa ya fito fari-fari.

Da ya gan ta sai ya dogara da gorar ya yi murmushi. "Ga jakadiyar Atidu nan. Da takalmin ofis kika zo, Dik?" Haka yake kiran ta, wato ƙanwa.

Ta cire takalmin ta riƙe a hannu, ta taka lakar har ta isa gare shi.

"Mas, me ya sa ba ka gaya mini ba?" ta ce. Ita kuma Mas take ce masa, wato yaya.

"Kina da aiki."

"Kai ba ka da shi?"

"Ni nawa hannu ne, naki kujera. Hannu yana jira." Ya share gumi da bayan hannu. "Kuma na san ba kya son wurin nan. Ban so in ɗora miki."

Wannan ta fi mari zafi, don gaskiya ce. Ta kawar da kai.

Ya ce Sumi suka fara ɗauka, don nata bai daɗe ba, kuma ba ya son ya ba ta labarin yadda aka yi. Inna kuwa da safen nan aka fito da ita. Ya kai ta wata rumfar leda da aka kafa a kan tudun buhunan yashi, inda liman yake zaune yana jan carbi a gaban wasu ƙunsuna na farin yadi. Darmaji ya nuna ɗaya. Ƙarami ne, bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba. Retno ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kai. Uwarta mace ce doguwa mai faɗin kafaɗa, wadda ke ɗaukar kwandon kifi a ka ta kai kasuwa ba ta sauke ba. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba.

"Baba fa?" ta tambaya.

Darmaji ya nuna bakin zabgewar da haɓa. "Nasa a can yake. Ruwa ya ja gefen, amma ba zai yi nisa ba. Laka tana riƙe abu."

Liman ya ce a tafi da waɗanda aka samu kafin ruwa ya dawo. Retno ta zauna a tsakiyar kwale-kwale da uwarta a cinya, Darmaji yana bayanta. Sai da suka yi nisa da mutane ta yi magana, ba ta waiwaya ba.

"Gobe kwanakin za su cika, Mas. An aika maka sammaci biyu."

"Wayar ta faɗa ruwa."

"Ka zo da safe ka nuna fuska kawai. Ka yi rabin yini, in san yadda zan yi ka fito da azahar."

"Da azahar ruwa ya dawo. Makon nan da safe yake janyewa, daga nan kuma sai wani watan, lokacin iska ta taso. In iska ta taso babu abin da za a tarar a wurin nan."

"Ga mutane nan. Su nema."

"Ina za su nema? Ni na shiga ramin na kwantar da shi. Ni kaɗai na san daga wace bishiya ake aunawa, ita ma kututturenta ya rage."

"To idan aka rufe sunanka fa? Ka san ba za a ba ka komai ba? Duk shekarun nan, haka za ka fita hannu rabbana."

"Na sani."

Ranta ya ɓaci, ta juyo. "Baba ya riga ya tafi, Mas. Ba ya jin sanyi, ba ya jin yunwa. Kai ne mai ciki. Wa zai ɗauki mai shekarunka aiki yanzu? Saboda ƙashi za ka zubar da abincinka?"

Mai tuƙin kwale-kwalen ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Darmaji ya dubi ƙunshin da ke cinyarta.

"Ki rage murya," ya ce. "Inna tana cinyarki."

Suka sauka daga kwale-kwale suka ƙarasa sabon filin, wata busasshiyar gona a bayan gidan mai, inda manyan motoci ke wucewa suna girgiza ƙasa. Aka rufe Inna kusa da Sumi, aka bar gurbi a ɗaya gefen. Bayan addu'a Darmaji ya saya mata shayi mai ƙanƙara a bakin titi, ya raka ta har wurin baburinta, ya duba mata taya ya ce ta baya tana son iska. Ta ce, "Gobe, Mas." Ya ce ta gaishe masa da yarinya.

Ran Litinin ta riga kowa zuwa ofis. Ta zauna tana kallon sunaye suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kunna fitilu. Aka buga ƙararrawar fara aiki, nasa bai canja ba. Ta san da an tashi da yamma zai yi ja.

Akwai wani gurbi a manhajar da ake cika wa direbobi da masu zuwa gyara a reshe, wanda ake kira aikin waje. Da la'asar, da ofis ya yi shiru, ta buɗe sunan yayanta ta cika masa shi. Sunan ya koma kore nan take. Ta san sarai cewa manhajar tana ajiye duk gyaran da aka yi da hannu, da sunan wanda ya yi, don ita ta koya wa sauran ma'aikatan ofis haka. Ta dai sa rai rahoton zai shige cikin tarin rahotanni babu mai dubawa.

Washegari ko jakarta ba ta ajiye ba Bu Lilik ta kira ta, ta ce ta rufe ƙofa.

"Wane reshe muka tura Darmaji?"

Retno ta sauke jakarta daga kafaɗa.

"Manhajar ta ga sunan mahaifinku ɗaya ne, ta ɗaga abin da kanta. Ba ni kaɗai ta aika wa ba, har Jakarta." Bu Lilik ba ta ɗaga murya ba. "Sun kira ni tun ina hanya. Na ce musu kuskuren hannu ne, kin so cika wa direba kika cika wa na ƙasansa. Ban san ko sun yarda ba. Sun ce idan kuskure ne a gyara yau, kuma wadda ta yi kuskuren ita za ta gyara, da sunanta. Idan ba haka ba ku biyu ne."

"Bu, ƙashin mahaifinmu yake nema."

"Na sani. Kabarin nawa uban a Pekalongan yake, can ma bakin teku ne, ban san ko yana nan ba, ban je na duba ba." Ta tura mata kwamfutar. "Mijinki acaɓa yake yi, 'yarki tana makaranta. Ban ce ki so abin ba. Zauna."

Retno ta zauna. Ta goge abin da ta cika, sunan ya yi ja. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko ta tabbatar ma'aikacin ya ajiye aiki da kansa. Ta tuna suna yara yadda Darmaji yake ɗora ta a wuya su tsallake rafi in an yi ruwan sama, tana riƙe da kunnuwansa kamar linzami. Ta danna. Manhajar ta yi mata godiya, ta sanar da ita an rufe katin shiga, da katin abinci, da katin asibitin kamfani.

"Je ki wanke fuska," in ji Bu Lilik, duk da fuskar a bushe take.

Ran Alhamis da safe mai gadi ya kira ofis ta wayar ciki, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Bu Retno, ki ɗan sauko. Pak Darmaji ne." Pak suke ce wa magidanci, kamar a ce malam.

Ta same shi a gefen ƙofa, sanye da rigar aiki a goge, ya yi aski. Ma'aikata suna wucewa ta gefensa suna gaishe shi da sauri, kowa yana kawar da ido. Mai gadin ya ce sau uku ya nuna fuska na'urar tana cewa ba ta san shi ba, har ya cire hula ya sake gwadawa. Darmaji ya dogara da bango, ya ɗage ƙafar hagu daga ƙasa. An naɗe ta da tsumma, ta kumbura har silifa ba ta shiga.

"Me ya sami ƙafarka?"

"Wani tsohon kwanon rufi ne a cikin laka. Tun Litinin. Ba wani abu ba ne."

Tun Litinin. Da ya je asibiti a ranar ya karɓi takardar likita, da manhajar ta karɓa ba musu. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta ga babu amfani, ta rufe.

"An rufe ke nan," ya ce.

"An rufe."

"Wa ya danna?"

Tana iya cewa Jakarta, tana iya cewa Bu Lilik, ko ta ce manhajar ce da kanta, kuma zai yarda. "Ni ce," ta ce.

Ya gyaɗa kai a hankali. "To. Aikinki ne." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce ta roƙa masa a fito masa da akwatin kayan aikinsa, akwai sukundireba biyu da filaya da nasa ne na kansa.

"Kun same shi?" ta tambaya.

"Mun sami wani," ya ce. "Ɗan nesa da inda na auna. Rabi ne ma. Na duba haƙoran, na kasa tunawa, Dik. Shekara nawa ina kallon bakin mutumin nan yana mini faɗa, na kasa tunawa. Liman ya ce mu rufe shi a gurbin Baba, Allah ya san nasa. Muka rufe shi kusa da Inna."

Yatmi ce ta fito da akwatin da kanta, tana zagin Atidu da wanda ya ƙirƙiro ta da wanda ya sayo ta, har mai gadi ya roƙe ta ta yi a hankali. Ta cusa wa Darmaji ƙunshin abincinta a hannu ta koma ciki tana share ido da gefen ɗankwali.

Da Retno ta matsa kusa don ta karɓi akwatin sai ta ji warin ƙafar. Ta taɓa hannunsa, zafi kamar garwashi. Ta kira mijinta ya zo ya ɗauke shi a babur zuwa asibitin da kamfani ke hulɗa da shi, ita kuma ta koma sama, don ba ta da izinin fita. A can aka duba katinsa aka ce a rufe yake. Suka tafi asibitin gwamnati, aka wanke ciwon aka ba shi magani, aka ce kafin a kwantar da shi sai an sauya masa rajista tunda ya bar aiki. Retno ta san takardun da ake bukata, ita take rubuta wa mutane su. Duk da haka sai da abin ya ci kwanaki, daga wannan tebur zuwa wancan, yana kwance a falonta yana rawar sanyi yana cewa kada a damu. Ranar da aka ba shi gado likita ya ce yana da ciwon suga da bai sani ba, kuma ƙafar ta riga ta yi baƙi har idon sawu. Aka yanke ta a ƙasan gwiwa.

Bai koma ƙauye ba. Kafin ya fito daga asibiti iska ta taso, maƙwabta suka aiko cewa bangon gidansa na baya ya faɗi, sun kwashe abin da ya kwasu. Ya zauna a falon Retno, a kan katifa da ake naɗewa da safe. Matan unguwa suka ji labari suka fara kawo masa kekunansu, yana gyarawa a zaune a bakin ƙofa, sandunansa jingine da bango. Yana wasa da 'yarta, yana taya mijinta hira a kan ƙwallo. Da Retno kuwa sai gaisuwa da godiya. Ta kawo abinci ya ce an gode, ta kawo magani ya ce an gode. Bai ƙara tsokanarta ba ko sau ɗaya. Ta gwammace ya zage ta, amma ba ta san yadda ake roƙon mutum zagi ba.

Layi na uku ya yi ta fama da kekuna har Jakarta suka yarda a ɗauki wani makaniki, na kwantiragi, wata shida-shida. Retno ce ta yi masa rajista. Magidanci ne mai suna Kasmuri, siriri, ya zauna a bakin kujera yana riƙe da hularsa da hannu biyu. Ta tambayi adireshi, ya faɗi sunan ƙauyen da ke gaba da nasu, wanda ake hangowa daga tsohuwar maƙabarta.

Ta ɗago ta dube shi. "Ruwa yana shigo muku?"

"Kaɗan-kaɗan, Bu," ya ce da sauri. "Amma ni ba na fashi. Ko a tambayi inda na baro."

Ta rubuta adireshin. Ta juyo da 'yar kyamarar da ke kan tebur ta saita ta da fuskarsa, shi kuma ya gyara zama ya washe baki.

"Rufe bakin, Pak," ta ce. "Dubi nan. Kada ka motsa."